Kwana huɗu a garaji: yadda aka canza wa motata bututun hayaƙi na jikin inji a Maraɗi

Motar da nake magana a kanta BMW 330i ce ƙirar E46 ta shekarar 2002, mai inji M54 na lita uku da silinda shida a jere, wadda ta fito daga masana'anta da ƙarfin doki 231. Na saye ta ne a hannu na biyu, kamar yadda yawancin motocin Turai suke iso mana, kuma ta yi shekara uku a hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba tsakanin Maraɗi da Damagaram. A daminar da ta wuce ne na fara jin ta yi nauyi. Idan na wuce Tasawa hanya ta miƙe na taka totur, sai injin ya yi ta gurnani amma gudun bai ƙaru yadda na saba ba, da safe kuma in ji wata ƙara a ƙarƙashin bonet kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Wani abokina ne ya nuna mini garajin, wanda yake gefen hanyar da ta nufi Ɗan Isa, kuma wurin ba shi da wani kyan gani: rumfar kwano ce da rami guda da yara huɗu masu koyon aiki. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne maigidan wurin bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya jona kwamfuta ya karanta abin da motar ta ajiye, ya shiga rami ya bubbuga bututun da bayan sufana, sannan ya fito ya ce, "Alhaji, matatar hayaƙinka ta farfashe, kuma a wannan injin ba a raba ta da kolekta, tare aka ƙera su."

Kolekta, kalmar da makanikan nan suka aro daga Faransanci, shi ne ƙarfen da ake ɗaure wa a jikin kan inji don ya tattara hayaƙin silindoji ya miƙa shi ga salansa. A injin M54 guda biyu ne, ɗaya na silinda ta 1 zuwa ta 3, ɗaya na ta 4 zuwa ta 6, kuma kowanne yana ɗauke da matatarsa a jikinsa. Matatar nan wani dunƙulen tangaran ne mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke ƙone gubar da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Bayan fiye da shekara ashirin tana shan wuta, ga injin da ya fara ɗan shan mai, tawa ta karye ta toshe hanya, shi ya sa motar take numfashi da ƙyar.

Zaɓi biyu maigidan garajin ya ba ni. Ko dai a nemo tsohon kolekta na asali a wurin masu kayan gyara, wanda shekarunsa ba za su gaza na nawa ba, ko kuma a sa irin bututun nan na masu son gudu, wanda kowace silinda ke da nata dogon bututu kafin uku su haɗu a baki ɗaya. Na zaɓi na biyu, kuma ba zan ɓoye ba, har da son zuciya a ciki, domin na daɗe ina sha'awarsa. Hikimar abin tana cikin tsarin tashin wuta. Injin nan yana kunna silindojinsa ne a jerin 1-5-3-6-2-4, saboda haka hayaƙi yana fitowa daga rukunin gaba da na baya bi da bi, da tazara daidai wa daida. Idan bututun uku sun yi kusan tsawo ɗaya, kowane buhun hayaƙi da ya wuce yakan bar wani ɗan zuƙo a bayansa, zuƙon nan kuma shi ke taimaka wa silindar da ke biye ta amayar da nata sarai, ta samu wurin shaƙar sabuwar iska da fetur.

Kayan na sa aka kawo mini ta Kano, kuma ranar da na kai su garajin ne na gane irin mutumin da nake hulɗa da shi. Ni ƙyallin ƙarfen ya ɗauke mini hankali, shi kuwa ko kallon ƙyallin bai yi ba. Ya ɗauko maganaɗisu ya manna a jikin bututun ya ga bai kama sosai ba, ya ce alama ce mai kyau, domin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304, wanda ke da kusan kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, ba ya riƙe maganaɗisu kamar baƙin ƙarfe. Daga nan ya kifa fuskar da za ta manne da inji a kan wani farantin gilashi, ya zura siririn ƙarfen awo ta ƙarƙashi, sai ga shi gefe ɗaya ya ɗan ɗaga. Ya leƙa cikin bututun da tocila ya nuna mini ɗigon walda da aka bari a ciki. Rabin yini ya tafi wajen goge fuskar nan da share ɗigon, kuma gaskit ɗin da suka zo cikin kwalin ya ajiye su gefe, ya ce in sayo masu kyau na ƙarfe tare da sababbin notuna na jan ƙarfe. Na ɗan yi gunaguni a raina saboda ƙarin kuɗi, amma na saya.

Wahalar aikin tana wajen kwancewa. An kwantar da injin nan ya karkata zuwa ɓangaren da hayaƙi ke fita, saboda haka notuna 16 da ke riƙe da kolekta suna cikin wani lungu da hannu ke shiga da ƙyar, wasu ta sama wasu ta rami. Sa'armu ɗaya ita ce motocinmu sitiyarinsu na hagu ne, sandar sitiyari ba ta ratsa ta wannan gefen ba. Ya fesa wa notunan man narkar da tsatsa tun yamma ya bar su suka kwana, ya hana yaransa taɓa su, ya kwance su da kansa ɗaya bayan ɗaya, domin kan injin na alminiyam ne, kuma idan sandar zare ta karye a ciki to aiki ya koma na haƙa da sake yanka zare. Uku sun fito tare da sandunansu, babu wadda ta karye. Sai da ya sassauta ƙafar inji ta dama ya ɗaga shi kaɗan da jak kafin sabon bututun ya samu hanyar shiga. Da ya ga robar murfin bawul tana tsattsafo da mai daidai saman wurin, ya kira ni ya nuna mini kafin ya canza ta, ya ce ba zai bar mai yana ɗiga a kan ƙarfen da zai yi ja da wuta ba.

Inda garajin ya gaza shi ne wajen lokaci da wajen wayoyi. An ce mini kwana biyu, aikin ya ci huɗu, kuma ba a taɓa kirana an sanar da ni ba sai in na zo da ƙafata. Ranar da na karɓi motar ban kai gida ba ta fara rawa tana shaƙewa, hayaƙin yana warin ɗanyen fetur. Motar tana da sansa huɗu masu auna iskar oksijin, biyu kafin matata biyu bayanta, kuma yaron da aka bar wa haɗa wayoyin ya musanya na rukunin gaba da na baya. Kwamfutar motar sai ta riƙa ƙara wa rukuni ɗaya fetur tana rage wa ɗayan, tana gyara kuskuren da ba a wurin yake ba. Da na koma na ce, "Malam, motar nan ba haka na kawo ta ba," bai yi musu ba, bai kuma ɗora laifin a kan kayan da na sayo ba. Cikin minti ashirin ya gano, ya mayar da kowace waya wurinta, ya ba ni haƙuri. Amma ɗan ƙyalle da aka ɗaura a kan waya ɗaya tun lokacin kwancewa da ya raba mu da wannan duka, kuma mutumin da ya auna fuskar ƙarfe a kan gilashi bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Yau wata biyar ke nan. A cikin gari, tsakanin yashi da tudun rage gudu da ƴan kabu-kabu, bambancin da nake ji bai wuce na motar da aka buɗe wa maƙogwaro ba, kuma sabon kolekta na asali ma da ya ba ni wannan. A kan hanyar Gidan Rumji ne abin yake bayyana, idan allurar juyin inji ta haura 4,000: motar tana ci gaba da ja har kusa da jan layi ba tare da ta yi sanyi ba, kuma wuce babbar mota ya zama abin da ake yi a gama cikin natsuwa. Muryarta ta ƙara kauri da wani ɗan kaifi, ba ta kai ta dami maƙwabta ba tunda na bar tukunyar salansa ta asali, sai dai idan na tayar da ita bayan sallar asuba maiɗakina takan ce duk layin ya san zan fita.

Akwai abin da na biya wanda ba kuɗi ba ne. Babu matata yanzu, saboda haka hayaƙin yana da wari, yana kuma ɗauke da gubar da a da ake ƙonewa, har na daina barin motar tana aiki a cikin gida inda yara ke wasa. Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata, kuma mun riga mun yi magana da maigidan garajin a kan walda wasu matatu biyu a ƙasa, tsakanin sabon bututun da salansa. Fitilar gargaɗin inji tana kunne, domin sansa biyu na baya suna ganin hayaƙin da ba a tace ba, kuma illar hakan ita ce idan wata matsala ta gaske ta taso ba zan gane ta fitilar ba sai an jona kwamfuta. Sai zafi. Siririn ƙarfe yana watsa zafi a ƙarƙashin bonet fiye da na asali mai garkuwa, kuma a garin da ake haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu wannan ba abin wasa ba ne. Maigidan garajin ya naɗe wayoyin da ke kusa da rigar hana zafi, ya janye su daga jikin bututun, kuma kawo yanzu babu abin da ya narke.

Kuɗin hannu jaka 60 ya karɓa, ban da kaya, kuma a ganina aikin ya ci kuɗinsa. Wanda kolektansa ke da lafiya, kuma tafiyarsa ba ta wuce kasuwa da ofis, ban ga abin da zai kai shi wannan aiki ba. Wanda nasa ya mutu, yana kuma yawan bin doguwar hanya, zan iya nuna masa garajin nan, da sharaɗin ya ninka kwanakin da aka faɗa masa, ya kuma tsaya a wurin ranar haɗa wayoyi. Mako biyu bayan gama aikin na koma kamar yadda maigidan garajin ya umarta, ya sake bin notunan da sufana bayan ƙarfen ya sha zafi da sanyi, bututun kuwa ya riga ya rikiɗe ya koma ruwan zinariya da shuɗi. A ranar ce ya sa yaro ya ɗauko tsofaffin kolektocina daga bayan rumfa ya saka mini a but, ya ce masu sayen tsohuwar matata sun zo sau biyu suna tayawa saboda ƙarafan da ke ciki, ya gaya musu mai kayan bai ce a sayar ba.