Hayar katafila don tumɓuke kututture a gidanmu na Tudun Jukun

A bayan gidan da mahaifinmu ya bar mana a unguwar Tudun Jukun da ke Zariya akwai fili, kuma a filin akwai bishiyoyi huɗu da ya dasa da hannunsa, Allah ya jiƙansa: darbejiya uku da mangwaro ɗaya. Bara muka sare su. Ba da son raina ba, amma babban ɗana zai yi aure, kuma babu inda za a fitar masa da ciki da falo sai nan. Mai injin yankan itace ya gama nasa a yini guda, masu faskare suka kwashe icen, aka bar ni da kututture huɗu.

Da farko na raina su. Na kira samari biyu masu diga da gatari, suka kwana uku a kan ƙaramar darbejiyar. Sun yi rami har ƙugu, suka tarar da marmara, saiwar kuwa ta ratsa ta ta yi ƙasa. Rana ta huɗu ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani ya ce in tara ƙirare in cinna wuta, amma ɗanyen kututture ba ya ci, sai dai hayaƙi ya ishi maƙwabta. Damina na sauka darbejiyoyin suka sake tofo. Wanda ya san darbejiya ya san sara ba ya kashe ta, har daga saiwa take fitar da sabon tsiro. Mangwaron ne kaɗai ya bushe, shi kuma gara ta samu gida, har ta fara jan hanya zuwa bangon kicin.

A watan Oktoba na je wani wuri da ke ba da hayar manyan injina ta wajen Kwangila. Mu duk injin da ya yi girma katafila muke ce masa, alhali iri-iri ne. Mai kula da wurin ya ce babbar eskabeta mai sarƙa tana kai tan 20, sai an ɗauko ta a kan babbar mota, kuma ko lungunmu ba za ta shiga ba. Ya ba ni shawarar JCB mai taya, wadda ke da ƙaramin cokalin haƙa a baya da faffaɗa a gaba, tana tafiya da kanta a kan kwalta. Na yaba masa a nan, don bai tura ni ga mai tsada ba. Muka daidaita a naira 170,000 na yini ɗaya, awa takwas, man gas kuma a kaina, jarka biyu.

Inda suka ɓata min rai shi ne na roƙi su turo wani ya duba gidan kafin ranar, aka ce, "Alhaji, ba sai an zo ba, aikin da muka saba ne." Ranar aiki aka ce ƙarfe takwas, ba su iso ba sai sha ɗaya saura. Da suka iso kuma ƙofar gidan ta hana, domin akwai ginin siminti a samanta, hannun injin ya fi shi tsawo. Dole muka rushe wani yanki na katangar baya, kuɗin bulo da na magini suka hau kaina ba shiri. Da mutum ɗaya ya zo ya leƙa na minti goma, da na san da wannan tun da wuri.

Direban ne ya wanke min zuciya. Matashi ne, ba zai wuce talatin da biyar ba. Bai taɓa komai ba sai da ya sauko ya zagaya filin da ƙafa.

"Baba, ina sokawe ɗinku? Bututun ruwa ta ina ya bi? Akwai wayar wuta a ƙasa?"

Na nuna masa, ya sa yaronsa ya karɓo toka daga kicin ya zana layi a duk wurin. Sannan ya shimfiɗa katako, ya sauke ƙafafun injin biyu na baya a kai don kada su nutse.

Ni na zaci zai cafki kututturen ne ya fizge. Ashe ba haka ake yi ba. Ya ja baya kamar taku biyu daga gindin, ya fara haƙa yana zagayawa. Duk saiwar da haƙoran cokalin suka kama sai ya ɗago ta a hankali har ka ji ta yi ƙas. Akwai wadda ta kai kaurin cinyata. Wurin ya cika da warin ɗacin darbejiya da ƙamshin jar ƙasa mai danshi. Sai da ya yanke saiwoyin gefe kaf, sannan ya sa cokalin a ƙarƙashi, ya tura gaba, ya jawo baya, sau biyar ko shida, kututturen ya kwanta. Ya ɗaga shi sama ya girgiza, ƙasar da ta maƙale ta zube cikin ramin, don kada in sayi ƙasar ciko da yawa. Abin da ya gagari samari kwana uku bai kai minti arba'in ba.

Ya yi min ƙorafi ɗaya, kuma ya kamata duk mai shirin sare bishiya ya ji. Ya ce mun yanke su ƙasa ƙwarai. Da mun bar gangar jikin ta kai ƙirjin mutum, da injin ya samu abin turawa, aikin ya fi sauri, mai ya ragu. Ya kuma ce na dace da lokaci: a watan Agusta injin nutsewa yake yi ya dagula fili, da rani kuwa ƙasar Zariya sai ka ce dutse.

Na huɗun shi ne mai hatsari, babbar darbejiyar da ke jikin katangar maƙwabcina. Dattijon ya fito yana tsaye, hannu a baya, ya ce, "Malam, katangar nan amana ce a hannunka." Direban ya tone ɓangaren kaɗan kaɗan har saiwa biyu suka bayyana, sun kutsa ƙarƙashin harsashin ginin. Ya kashe injin. Ya ce idan ya ja su, katangar za ta biyo. Shi da yaronsa suka shiga ramin da gatari, suka datse su, suka bar guntayen a inda suke, sannan ya jawo kututturen zuwa cikin filinmu. Wannan kaɗai ya ci sama da awa ɗaya, ko tsaga ba a samu a katangar ba. Dattijon ya sa masa albarka ya koma gida.

Ɓarna ɗaya aka yi: wajen fita taya ta taka bututun roba da ke kai ruwa bayi, ya fashe. Na kira ofishinsu, suka ce ba ya cikin yarjejeniya, ni na biya mai gyaran famfo. Kwashe kututturen ma ba ya ciki, sai da na nemi tifa daban. Duk wanda zai ɗauki hayar nan ya zauna da su a rubuta waɗannan tun kafin ya ba da ko sisi: wa zai biya ɓarna, wa zai kwashe, kuma daga yaushe awa takwas ɗin ke farawa. Ni an yi sa'a mun gama kafin magariba.

Zan sake ɗaukar injinsu idan buƙata ta taso, amma sai sun zo sun duba wuri, kuma wannan direban zan nema. Ya cike ramukan ya danne su da bayan cokali, duk da haka maginina ya ce ƙasar ciko ba ta ɗaukar gini, za a zurfafa harsashi a wuraren har a iske tsohuwar ƙasa. Sati biyu ke nan muna zuba musu ruwa safe da yamma don su zauna. Gindin babbar darbejiyar kuwa ban bari tifa ta tafi da shi ba. Na sa kafinta ya daidaita samansa, yana nan a ƙofar zaure, a inda mahaifinmu ya saba zama bayan la'asar.