Matakalar da Bajamushe Ya Zuba da Hannunsa

Salamu alaikum 'yan majalisar shayi ta Aboabo a Kumasi, manya da yara. Kawu, ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Duk saƙonnin muryar da kuke ta turowa kan ko ƙungiyar ƙwallonmu Asante Kotoko za ta taɓa samun filin kanta na saurare su, har da na wanda ya rantse sai mai cin mutum 60,000 ko a fasa. Na yi shiru ne saboda abin da ya same ni a nan Berlin ranar Asabar, wanda har yau jikina bai daina sanyi ba.

Akwai wani dattijo Bajamushe da muke aiki tare a sito, shi ne mai gyaran wuta. Na daɗe ina cika masa baki da Kotoko: an kafa ta a 1935, ta ci kofin Afirka a 1970 da 1983, muna cika filin Baba Yara mai cin mutum wajen 40,000. Shi ɗan Union Berlin ne, ba ya musu, sai dai ya yi murmushi. Rannan ya samo mini tikiti, abin da ba ya samuwa da sauƙi, don masu katin ƙungiyar sun haura 60,000 alhali filin 22,012 kawai yake ci. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Köpenick, unguwar da filin yake, muka bi ta cikin kurmi da ƙafa.

Kafin mu shiga sai ya ja ni gaban wata ƙatuwar hular kwano ja, irin ta masu gini, da sunaye jere a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ya ɗora yatsa a kan nasa. Da muka shiga kuma ya yi ta kutsawa da ni har wata matakala, ya buga ƙafa a kai ya ce, "Wannan ni na zuba kankarenta."

Na zaci wasa yake. Ashe a 2008 filin ya tsufa har hukumar ƙwallo na shirin hana su wasa a ciki, ga ƙungiyar ba ta da kuɗin ɗaukar ɗan kwangila ya yi duka. Sai magoya baya suka yi gayya. Mutum sama da 2,000 suka yi aikin awa kusan 140,000 ba a biya su ko sisi ba, har aka sake buɗe filin a Yulin 2009. Shi dattijon hutunsa na shekara ya ƙarar a can, yana tura baro. Ya ce akwai malaman makaranta da direbobi da waɗanda ba su da aiki, masu sana'ar hannu na nuna wa sauran yadda ake yi. Tun kafin nan ma, a 2004, da bashi ya taso ƙungiyar a gaba, jini suka je suka bayar a asibiti, ɗan kuɗin da ake ba mai ba da jini suka miƙa mata. A 2011 aka sayar musu da hannun jarin filin, Yuro 500 kowanne, aka haɗa kuɗin cikin ginin babbar rumfa. Har yau sunan filin na nan, Alte Försterei, bai koma na wani kamfani ba.

Sai ya juyo ya ce da ni, ba da wata manufa ba, "Kai fa, a filinku ina ne ka gina?"

Wallahi Kawu, na rasa ta cewa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yadda muke maƙale wa rigar wani alhaji mu shige ba tikiti, ko mu tsaya a waje sai an saki ƙofa dab da tashi. Da girmana ma na sha yi. Kuma filin da nake alfahari da shi na gwamnati ne, mu baƙi ne a ciki. Zanen aro ba ya rufe katara: kun ga yadda a Satumbar 2024, bayan wasan Ghana da Angola, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta janye amincewarta da shi saboda lalacewar ciyawa, ba mu da ta cewa sai ido.

Ba wai komai ya yi mini daɗi ba. Sanyi ya ci ƙafata, ga tsayuwar awa biyu. Da aka ci ƙwallo wani saurayi ya watsa kofin giyarsa sama, ta sauka mini a wuya da riga, sai da na koma gida na yi wanka kafin in iya sallah. A filayen ƙasar nan abin da ake gasawa galibi alade ne, na wuni da yunwa ina tuna tsiren bakin ƙofa da ƙosai da wake da shinkafa a ganye. Waƙarsu da ƙarfi, ba sa gajiya, amma ba ganga, ba wannan kiɗan da ke sa tsoho ya manta da ciwon gwiwa. A nan kam mun fi su, kuma na gaya masa.

Amma tsarin ginin ya tsaya mini a rai. Fiye da mutum 18,000 a tsaye suke kallo, kuma su suka ce haka suke so, don tikiti ya yi araha, murya ta haɗu. Babu hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da ciyawa, kana jin ɗan wasa yana kiran ɗan uwansa. Tsohon allon maki da ake sauya lamba da hannu ma ba su yarda an cire ba. Mu kuwa duk muhawararmu a kan ɗakin manya mai sanyi ne, da ko zai fi na Akra girma. A saƙonnin nan ban ji wanda ya ambaci ƙofofin fita ba, mu da muka rasa mutum 126 ranar 9 ga Mayun 2001 a wasan Hearts of Oak da Kotoko a filin Akra, aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka tarar da ƙofofi a rufe, da yawansu 'yan zango. Ba wanda ya ce bayi mai ruwa, ko wurin alwala, ko sashen da mace za ta zauna da 'ya'yanta ba a matse ta ba.

Batun kuɗi kuma kowa ya ce Otumfuo, Sarkin Asante, ko gwamnati, ko a samo kamfani kamar yadda Gold Fields ya gina na Tarkwa da Medeama ke wasa a ciki. Allah ya kawo su. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masallatan zango wa ya gina mana su? Ba da faifan ranar Juma'a da buhun siminti ɗai-ɗai muka tashe su ba, mata na ɗebo ruwa, yara na miƙa bulo? Birkiloli da kafintoci muna da su, masu walda kuwa Suame Magazine, unguwar makanikai, kaɗai ta isa. Na san abin da ke kashe mana gwiwa, don ni ma na taɓa zuba kuɗi a wani karo-karo da har yau ba a karanta lissafinsa ba. Na tambayi dattijon yadda suke yi, ya ce kowace shekara ana taron masu kati, a baje lissafi, mai tambaya ya tambaya, kuma dokar ƙwallon Jamus ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun ƙungiya, ba mai kuɗi ba. Mu kuwa tambayar rasit ma rashin kunya muke ɗaukarta.

Ni dai na gwammace ƙarami mai cin 20,000, kusa da ciyawa, mai faffaɗan ƙofofi, a bar wurin ƙari nan gaba. Yaya, kai da kake zuwa taron sakul na magoya bayan Kotoko, don Allah ka kai maganar nan. In an buɗe asusu mai rasit, Yuro 20 duk wata na ɗauka, kuma akwai 'yan Asawase huɗu a nan da na riga na yi wa magana. Dattijon ya ce in an fara yana son ya zo ya ga wayoyin wutar da idonsa, na ce masa masaukinsa gidan Kawu.