Pacuare, Zambezi ko Nilu: wane kogi ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya tambaye ni kogin da zai fara shiga da kwalekwalen roba, amsata ɗaya ce: Pacuare na ƙasar Kosta Rika. Na san za a ce na yi son kai, to na yarda.

Masu harkar bin kogi da kwalekwalen roba sun kasa ƙarfin ruwa mataki shida. Na 1 lumui yake, na 6 kuwa ba a kai fasinja. Pacuare yana tsakanin na 3 da na 4, wato zai jijjiga ka, ya jiƙa ka sharkaf, amma zai bar ka ka ɗaga kai ka kalli daji. Daga tsaunukan Talamanca yake gangarowa zuwa tekun Karibiyan, ta cikin kurmin da 'yan ƙabilar Cabécar ke zaune. Idan an wuce inda ruwa ke tafasa, sai a aje filafili, ka ji birai na gurnani a sama, ga tsuntsun tukan da baki kamar ayaba, ga shuɗin malam-buɗe-littafi mai faɗin tafin hannu yana bin kwalekwale. A matsatsin Dos Montañas duwatsu suna matsowa, ruwa ya yi zurfi ya nutsu, har jagora kan bari a faɗa a yi iyo. Sayi tafiyar kwana biyu ka kwana a bakin kogin. Ta yini ɗaya, mota ce ke cinye sa'o'inta tsakanin San José, babban birnin ƙasar, da gaɓa, kuma dabbobi da asuba suke fitowa.

Zambezi, a kwazazzabon Batoka da ke ƙasan mafaɗar ruwan Victoria, a iyakar Zambiya da Zimbabwe, mataki na 5 ne, kuma ya fi hauka daga Agusta zuwa Disamba lokacin da ruwa ya ja. Ba ka da lokacin kallon ko tsuntsu, sannan ga hawan dutse na fitowa da ƙafa. Nilu a Jinja ta Yuganda kuwa, madatsun Bujagali a 2012 da Isimba a 2019 sun haɗiye da yawa daga wuraren da suka yi masa suna. Tafiyar kogin Sun Kosi na Nepal kilomita kusan 270 ce, sai mai hutun fiye da mako.

Amma kogi ba shi ne ya taɓa cuta ta ba, kamfani ne. Wani dillali ya tare ni a otal da hotuna masu kyau da farashi mai rahusa. Da muka isa gaɓa, kwalekwalen duk faci ne, ba shi ne na hoton ba. Rigar ceton da aka miƙo mini maɓallin ƙirjinta ya karye, an ɗaure da igiya. Na yi shiru don kunya. Da muka kife, rigar ta haye mini har kunne, ni ina ƙasa tana sama, kuma babu wani ƙaramin kwalekwale da ke biye da mu don tsamo wanda ya faɗa. Ƙafar wani fasinja na kama.

Tun daga ranar ba na biya sai na ji amsoshi. Jagora yana da takardar shaidar ƙwarewa, irin ta IRF, ƙungiyar masu wannan harka ta duniya, ko ta hukumar ƙasar? A nuna mini ita, ba a faɗa da baki ba. Akwai mai ceto da zai bi mu a nasa kwalekwalen? Idan an kwana ana ruwa kogi ya cika, za a fasa a mayar mini da kuɗina? Kamfanin da ba ya mayar da kuɗi, shi ne ke tura mutane cikin ambaliya don kada ya yi asara. A Oktoban 2018 kogin Naranjo, a ita Kosta Rikar da nake yabo, ya cika bayan ruwan sama, 'yan yawon buɗe ido huɗu daga Amurka da jagora ɗaya suka rasu. Haka kuma ka guji mai yi maka alkawarin ganin damisar jaguwa. Ana iya shekara ana bin kogin ba a gan ta ba. Inshorarka ma ka karanta, wasu ba sa biya idan ruwa ya wuce mataki na 3.

Rigar ceto kuwa, ka sa ta, ka ɗaure tamau, ka ce wani ya kama kafaɗunta ya ja sama da ƙarfi. In ta taɓa haɓarka, a canza maka kafin ka taka ruwa.