Kafin ka biya kuɗin waya a Adum, duba wannan kwanan watan

Ranar Asabar na raka ƙanena Adum PZ, kasuwar wayoyi a Kumasi, zai canja waya. Takalma yake sayarwa a Kejetia, kuma kusan rabin cinikinsa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, yake shigowa. Mai shagon ya zaro wata mai ƙyalli ya ce, "Maigida, wannan ita ce taka. Batirinta 5,000, kyamara 108, caji ɗaya sai gobe." Ƙanena har ya kai hannu aljihu. Na ce, "Tsaya tukuna, ba ni in gani." Na shiga saitin, wajen bayanin waya, na nemo kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Ya haura shekara biyu. Wayar sabuwa fil a kwali, amma da alama kamfaninta ya riga ya sallame ta.

Wannan sabuntawa, da muke cewa afdet, ba ado ba ce. Kusan duk wata Google na fitar da gyaran ƙofofin da aka gano ɓarayin intanet na bi su shiga Android, sai kowane kamfani ya tura wa wayoyinsa, in ya ga dama. Wayar da aka daina tura mata tana ci gaba da aiki, amma ƙofofinta a buɗe suke, ga kuɗinka da hoton Ghana Card ɗinka a ciki. A hankali manhajoji ma su guje ta: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da 6.

Samsung ya yi wa Galaxy S24 alkawarin afdet na shekara 7, Google ma haka ya yi wa Pixel 8. Abin da ya fi shafar aljihun irinmu shi ne Galaxy A16, mai sauƙin kuɗi, da aka yi wa alkawarin shekara 6. Sai dai a nan ake rangwame a jiki: ba ta da saurin da za ka samu a Tecno ko Infinix mai irin kuɗinta, cajinta a hankali, kuma sau da yawa babu kan caja a kwalin.

Su kuwa Tecno, Infinix da itel, duk 'ya'yan kamfanin Transsion ne, sun san mu. Babban batiri don ranar dumsor, wato ɗauke wuta, layi biyu don MTN da Telecel, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, ga Carlcare, wajen gyaransu, in ta lalace, ga yaran gyara ko'ina da gilashinta a durowa. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma alkawarin sabuntawarsu gajere ne, kamar shekara 2 zuwa 3 a manyan samfura, ƙananan kuwa ba su kai haka ba.

Pixel ta fi kowace Android samun afdet da wuri, amma in gilashinta ya fashe a Kumasi za ka sha yawo kafin ka samu. Ni ba na ba ɗan kasuwa shawararta.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne wayar da aka riga aka yi amfani da ita, da ake kawowa daga waje. Shekarun alkawari daga ranar da wayar ta fito kasuwa ake ƙirga su, ba daga ranar da ka saya ba. iPhone XR ta 2018 har yanzu tana cika gilasan shaguna, tana da kyau a hannu, amma iOS 26, babban afdet ɗin iPhone da ya fito a 2025, bai haɗa da ita ba. Daga iPhone 11 ya fara. Saboda haka ka tambayi shekarar fitowarta kafin ka tambayi farashi, sannan ka duba lafiyar batirin. In ta yi ƙasa da 80 cikin 100, ka lissafa kuɗin sabon batiri a kai.

Ra'ayina, in wayar ce shagonka kuma bankinka, kuma kana son ta kai ka shekara huɗu, ɗauki mai dogon alkawari, ka haƙura da kyamara. Amma kada ka sauka ƙasa da ram GB 6, wato ƙwaƙwalwar aikin waya, da ma'adana GB 128, domin kowace sabuntawa nauyi take ƙara wa waya, mai ram 4 kuwa tun shekara ta biyu za ta fara tsaitsayawa. In kuwa kai mai canja waya ne duk shekara biyu, ko yini kake kan babur ba wajen caji, Tecno ko Infinix ta bana ta ishe ka, muddin ta bana ce da gaske.

Ƙanena ya ɗauki A16 mai ram 6, ya ƙara kuɗin caja. Kafin mu bar shagon na sa ya kunna data muka danna neman afdet, muka zauna a benci har ta gama saukewa.