Na kai kan sarkina uku gwajin hasken infirared

Na fi shekara goma ina tara tsofaffin kan sarki, kuma ban taɓa kai ko ɗaya ɗakin gwaji ba sai da wani na Ingila, na zamanin Sarauniya Biktoriya, ya shigo hannuna. Gam ɗin bayansa ne ya hana ni sakat. Sumul yake, yana sheƙi, kamar jiya aka shafa. Abin da ya haura shekara 120 a duniya bai kamata ya yi wannan kyau ba.

Na haɗa shi da wasu biyu, shuɗi da baƙi, na kai wani ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar FTIR. Aikinta shi ne ta haska abu da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ta auna ɓangaren da abin ya shanye. Kowane sinadari da inda yake shan nasa, sai sakamako ya fito a zane mai tudu da kwari, daga 4000 zuwa 400 a ma'auninsu. Ba a yanka komai, ba a jiƙa komai. Ana ɗora kan sarkin a kan ɗan ƙaramin daimon, a danne, cikin mintuna kaɗan an gama.

Zargina ya tabbata. Zanen gam ɗin ya dace da PVA, gam na masana'anta wanda gidan wayar Ingila bai fara shafa wa kan sarki ba sai 1968. A zamanin Biktoriya ƙaro da sitaci ake amfani da su. Ashe wani ne ya sake shafa gam don a saya da tsada. Raina ya sosu, amma gara da na sani.

Shuɗin ya fi ba ni sha'awa. Tudu ɗaya ya miƙe tsaye wajen 2090, inda takarda ba ta nuna komai, ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta ce alamar wani launi ce da ake kira shuɗin Furushiya. Har na fara murna, sai ta tuna min cewa tun farkon ƙarni na 18 aka gano launin a birnin Balin na Jamus kuma har gobe ana sayar da shi, don haka mai buga jabu ma yana iya samu. Nan na gane iyakar na'urar: tana kama ƙarya idan an sa abin da bai zo duniya ba a lokacin, amma ba ta rantse maka cewa naka na gaske ne.

Baƙin kuwa asarar lokaci. Tawadar kabon tana shanye hasken baki ɗaya, ba ta ba da wata alama, sai takardar da ɗan allin da ke cikinta suka fito. Ma'aikaciyar ta ce irin wannan sai a gwada wata na'urar.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: dannewar ta bar ɗan lotsi a kan shuɗin, ana ganinsa idan an karkata shi wajen fitila. Ba wanda ya gargaɗe ni. Daga baya na ji akwai hanyar aunawa ba tare da taɓawa ba, duk da zanenta ya fi wuyar karantawa. Zan koma da wasu guda biyu da gam ɗinsu ke ba ni shakka, amma wannan karon hanyar da ba a taɓawa zan nema tun daga bakin ƙofa.