Fankar caji da na saya saboda zafin bazara, ga yadda muka kwashe da ita

Jama'a wannan fankar cajin dai tun azumin 2024 na saye ta, lokacin da azumi ya faɗo tsakiyar Maris zuwa Afrilu, wanda ya kwana a Kano a wannan lokacin ba sai na yi masa bayani ba, da rana zafi ya haura 40, da daddare kuma bangon ɗaki ya riƙa huci kamar an sauke tukunya daga murhu. Ɗaki da falo muke haya, ginin bulo ne rufin kwano, silin ɗin ma na kwali ne. Janareto kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 na rufe shi da buhu, don ba zan iya shayar da shi fetur har asuba ba.

Mai inci 18 ce, ta tsaye, da rimot da ƴar fitila da wajen cajin waya, batirinta irin mai nauyin nan ne 12V. A Sabon Gari na saye ta, sai da muka yi ciniki kamar za mu yi faɗa. Mai shagon ya ce min "Alhaji wannan kwana take yi". To kwanan ne ake magana, amma a lamba nawa? Ni dai abin da na gani, in ka sa ta a lamba ɗaya ko biyu tana kai mu wajen asuba, in ka ƙure ta kuwa awa 3 da ɗan wani abu ta fara jan numfashi, ka ga fukafukan suna juyawa kamar mai jin bacci. Kuma cajinta na cin lokaci, sai ta sha wajen awa 8 a wuta kafin ta cika, ranar da aka kawo wuta aka ɗauke bayan awa biyu kam ka san daren nan sai dai mafici.

Daren farko gaskiya na ji haushin kuɗina. Na rufe ƙofa da taga saboda sauro, na kunna ta, sai iska mai ɗumi take watso mana, ƙaramar ƴata tana ta juyi tana sosa ƙurajen zafi a wuya, uwarta ta ce "Baban Ummi wannan ai hura mana wuta take yi". Ashe laifina ne. Fanka ba ta sanyaya iska, wadda ta tarar ita take juyawa, kuma kwano da bulo sun wuni suna shan rana, sai dare ya yi su fara amayar da zafin cikin ɗaki. Da na gane haka sai na sa raga a taga, bayan magariba mu buɗe ko'ina, in ajiye fankar a bakin taga tana jawo iskar waje, wajen sha ɗaya na dare za ka ji bambanci sosai.

Amma inda ta fi burge ni a tsakar gida ne. Mu yayyafa ruwa a siminti bayan la'asar, da isha'i mu shimfiɗa tabarma a ɗaura gidan sauro, katifar soso kam mu bar ta a ɗaki don ita kanta zafi take riƙewa. Matata ta jiƙa tsohon zani ta matse ta rataya a igiyar shanya, fankar a bayansa, wallahi iskar da ke ratsowa har sai yara sun ja mayafi wajen ƙarfe uku. Wannan dabarar ai irin ta randa ce, ruwa na bushewa yana tafiya da zafi, kakanninmu sun riga mu sani. Sai dai a Maris da Afrilu take aiki da iska ke bushe. Da Mayu ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa yana bajewa, gumin nan mai danƙo ya shigo, jiƙaƙƙen zanin ba ya tsinana komai sai ƙara nauyin iska, a lokacin wanka kafin kwanciya da fankar kawai sun fi.

Gidan sauro kuma yana tare iska fa, sai ka matso da ita kusa ko ka ƙara lamba, batir ya ƙara saurin ƙarewa. Ni dai na zaɓi gumi a kan zazzaɓi.

Ƙara ba ta da shi sosai, sai dai in tana juya kai akwai wani ƙas-ƙas da take yi, na saba har ba na ji. Rimot ɗin sati biyu ya yi yara suka kai shi inda ban sani ba.

Babban ciwon shi ne batir. Bayan kamar wata 11 sai ta koma awa ɗaya da rabi ko a lamba ɗaya. Mai gyara ya kwance gindin ya nuna min batirin har ya ɗan kumbura, ya ce irin wannan ba ya son a tatse shi har ya mutu, kuma ba ya son a ajiye shi babu caji, ni kuwa duk hunturu a bayan ƙofa na jingine ta ban waiwaye ta ba, ga wajen cajin wayar da duk gidan muka mayar da shi namu. Na canza batir ta dawo kamar sabuwa, na kuma haɗa mata ƙaramin faifan sola a kan kwano, yanzu ranar da ke gasa mu ita take cika ta kafin la'asar. Da na sani tun farko da mai batirin lithium na ƙara kuɗi na ɗauka, maƙwabcina ita gare shi, ta fi sauƙin ɗauka kuma har yanzu bai taɓa buɗe gindinta ba.

In za ka saya ka tambayi ƙarfin batirin, ka tabbata akwai wajen jona sola, ka sa a kunna maka ita a shagon ba a wuta ba. Tawa yanzu haka tana tsakar gida tana caji, Ummi ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a gabanta tun kafin a kira magariba.