Spitfire ko Thunderbolt: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙware da jirgin koyo da mai fiffike a ƙasa, yanzu kana son haɗa babban jirgin rimot mai siffar na Yaƙin Duniya na Biyu, kana da inji mai cc 55, amma ka rasa zaɓi tsakanin Spitfire na Ingila da P-47 Thunderbolt na Amurka. Fara da Thunderbolt. Spitfire ya fi kyau a ido, babu musu, sai dai kyau ba ya saukar da jirgi lafiya.

Girmansu kusan ɗaya ne. Faɗin fiffiken Spitfire na asali mita 11.23 ne, idan aka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin biyar sai ya zama mita 2.25. Na Thunderbolt mita 12.4 ne, a kashi ɗaya cikin shida ya koma mita 2.07. Kowanne zai kai wajen kilo 10, kuma inji irin DLE 55 da farfela 22x10 (mai tsawon inci 22) zai ja shi.

Inda suka rabu shi ne ƙafafu. Ƙafafun Spitfire daga gindin fiffike suke, suna naɗewa zuwa waje, don haka tazarar tayoyinsa a naka ba za ta wuce santimita 35 ba. Na Thunderbolt daga can tsakiyar fiffike suke, suna naɗewa zuwa ciki, tazararsu wajen santimita 80. Yayin tashi, juyin farfela na jan hancin jirgi zuwa hagu. Mai faffaɗan tsayuwa zai jira ka gyara da fallen jela zuwa dama. Mai matsattsun ƙafafu kuwa kafin ka farga ya karkata, bakin fiffike ya shari ƙasa. Ga kuma tuntsurewa ta hanci: tayoyin Spitfire suna kusa da wurin daidaiton nauyi, ɗan rami ko ciyawa mai tsayi ya isa ya dungurar da shi, farfela ta karye. Masu haɗa shi sukan ɗan karkato ƙafafun gaba fiye da na asali. A duka biyun, tura totur a hankali cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, kana danne wutsiya a ƙasa da rimot har sai gudu ya kama.

Sai zafin inji, wanda ya fi damun mai tuƙi a Kano ko Zinder cikin watan Afrilu fiye da wanda ke Turai. Thunderbolt na asali inji mai silinda 18 a zagaye yake ɗauke da shi, Pratt & Whitney R-2800, mai sanyaya da iska, shi ya sa hancinsa faffaɗa ne a buɗe. Injinka da salansa za su ɓuya ciki ba tare da ka yanke komai ba. Spitfire kuwa an gina siririn hancinsa ne a kan Rolls-Royce Merlin mai sanyaya da ruwa, babu ƙofar iska ta gaba. Dole ka kifa injin, kan silinda ya leƙo ta ƙasa, ka nemi salansa mai lanƙwasa. Ƙa'idar ɗaya ce: ramin fitar iska ya ninka na shigarta sau biyu zuwa uku, ka kuma sa shinge na siririn katako da zai tilasta iskar bi ta tsagogin sanyaya da ke jikin silinda. Ko a Thunderbolt ka toshe yawancin bakin hancin, ka bar taga daidai silinda, in ba haka ba iska za ta cushe ciki ta ƙi fita. Alamar zafi ita ce inji ya yi ƙarfi a ƙasa, bayan minti uku a sama ya fara sanyin jiki. Man tu-ti mililita 33 a kowace litar fetur, kuma lokacin hunturu ka riƙa duba kafireto saboda ƙura.

Nauyin wutsiya matsalar su biyun ce. Giram 10 na fenti ko gam a baya yana cin giram 30 zuwa 40 na dalma a gaba. In Spitfire ka nace, zaɓi samfurin Mk IX mai ɗan dogon hanci a kan samfurin Mk I. Tura batura gaba, ka daidaita nauyi a kashi 25 zuwa 28 cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike daga gaba, tanki babu mai, ƙafafu a matsayin da zanen haɗa jirgin ya faɗa.

Wajen sauka, bakin fiffiken Spitfire siriri ne, idan gudu ya ragu iska ta nan take fara kuɓucewa, fiffike ɗaya ya faɗi ba gargaɗi. Na asali an murɗa bakinsa ƙasa da kimanin digiri biyu da rabi don maganin wannan. Kada ka bar murɗin nan, kuma ka auna ɓangarorin biyu su zo daidai. Thunderbolt ya fi haƙuri, amma ƙaton hancinsa na tare iska, da ka kashe totur sai ya nutse. Shigo da shi da kusan kwatan totur har tayoyi su kusa taɓa ƙasa. A ranar farko, hau sama sosai ka rage gudu da gangan, ka ga ta wane gefe yake faɗuwa kafin ka gwada sauka.

A Najeriya ka nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, kafin ka tashe shi, ka kuma nisanci filin jirgi da barikin soja, tunda daga nesa siffarsa ta jirgin yaƙi ce.